Nazari: Littafin Matuƙi da Kundin Jirgin Sama, a Takarda ko a Kwamfuta?

YOLA — Duk fasinjan da ya taɓa zama a zauren jira na filin jirgin sama na Yola, wanda ke Jimeta, kuma aka raɗa masa sunan marigayi Lamiɗo Aliyu Musɗafa a shekarar 2023, ya san cewa jirgin da ya sauka daga Abuja ko Legas ba ya daɗewa a ƙasa kafin ya juya. A cikin wannan ɗan lokaci ana sauke kaya, ana zuba mai, ana kiran fasinjoji. Amma akwai wani aiki da idon fasinja ba ya kaiwa gare shi, wanda in ba a kammala shi ba jirgin ba zai ɗaga ba, wato rubutu da sa hannu. Matuƙi zai rubuta sa'o'in da jirgin ya yi a sama da duk wata tangarɗa da ya lura da ita, injiniya kuma zai duba ya rubuta abin da ya yi, sannan a sa hannu cewa jirgin ya cancanci tashi.

Shekaru da dama ana yin wannan rubutu da alƙalami a littafi mai shafuka masu lamba. Yanzu kamfanonin jiragen sama da yawa a duniya sun mayar da shi cikin kwamfuta. Manufar wannan nazari ita ce a fayyace wa mai karatu, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da na inshora da jami'an gwamnati masu sayen jirage ko hayarsu, ma'anar waɗannan littattafai, da darajarsu ta kuɗi, da kuma ribar kowace hanya da hasararta a wuri irin Yola.

Littattafan da ake magana a kansu

Littafi na farko shi ne na matuƙi. Nasa ne na kansa, yana binsa duk inda ya koma aiki. A ciki yake rubuta ranar kowace tafiya, da nau'in jirgin, da lambarsa, da inda ya tashi da inda ya sauka, da yawan sa'o'i, da kuma ko shi ne shugaban tuƙi ko mataimaki, ko da rana ne ko da dare. Bisa ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ana bukatar aƙalla sa'o'i 40 kafin a ba mutum lasin tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, da sa'o'i 200 kafin lasin tuƙi na kasuwanci, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas na makaranta da aka amince da ita, sannan sa'o'i 1,500 kafin babban lasin da ke ba shi damar shugabantar jirgin fasinja. Haka kuma ba a yarda matuƙi ya ɗauki fasinja ba sai ya tashi ya sauka sau uku a cikin kwanaki 90 da suka gabata. Duk waɗannan, littafin ne shaidarsu.

Na biyu shi ne littafin tafiye-tafiyen jirgi. Yarjejeniyar Chicago, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Disamba, 1944, ta wajabta shi a sashe na 34, kuma sashe na 29 ya lissafa shi cikin takardun da dole su kasance a cikin jirgin da ke ƙetare iyakar ƙasa, tare da takardar rajista, da takardar lafiyar jirgi, da lasin ma'aikatansa. Yawancin kamfanoni sun haɗa shi da littafin gyara, inda matuƙi ke rubuta lahani, injiniya ya rubuta magani.

Na uku kuwa shi ne babban kundin tarihin jirgi, wanda ake ajiyewa a ofishin kamfani. Ya ƙunshi tarihin gangar jikin jirgin, da na kowane inji, da na kowane muhimmin sashe tun daga ranar da aka ƙera shi. Ga jirgin fasinja da ya shekara ashirin yana aiki, wannan kundi a takarda yakan cika kwalaye masu yawa. Ƙa'idar ICAO ta ce a riƙe bayanan jimlar sa'o'in aiki da na sassa masu ƙayyadadden wa'adi har sai kwanaki 90 bayan an yi ritayar sashen baki ɗaya, cikakken bayanin gyara kuma aƙalla shekara ɗaya bayan sa hannu. A Nijeriya, hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1999 ta fara aiki a farkon shekarar 2000, ita ce ke da alhakin tabbatar da ana bin waɗannan dokoki.

Darasi daga Yola

Ranar 25 ga Oktoba, 2012, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Caravan mallakar gwamnatin Jihar Taraba ya taso daga Jalingo da yamma, ya faɗi kafin ya kai ga filin jirgin Yola. Wanda ke tuƙa shi shi ne Gwamnan jihar na lokacin, Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya. Ya samu munanan raunuka, ya yi doguwar jinya, ya rasu a Amurka a 2017. Rahoton ƙarshe na hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ƙasa ya nuna cewa lasinsa na ƙananan jirage ne, ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgi, ba shi da na tuƙi da na'urori kawai ko tuƙin dare, kuma jimlar sa'o'in da ke littafinsa ba su kai 60 ba.

Ba a kawo wannan labari don a ci zarafin mamaci ba. Abin lura ga mai nazari shi ne, bayanan da masu bincike suka dogara da su suna nan a rubuce tun kafin jirgin ya tashi. Littafin bai yi ƙarya ba, sai dai babu wani tsari da ya tilasta a buɗe shi a gwada abin da ke ciki da tafiyar da za a yi. Wannan shi ne babban bambancin hanyoyin biyu. Littafin takarda shaida ne mai shiru, sai an tambaye shi yake magana. Tsarin kwamfuta kuwa, idan an haɗa shi da ofishin da ke ba da izinin tashi, yana iya ƙin amincewa da sunan matuƙin da takardunsa ba su dace da jirgin ko lokacin tafiyar ba.

Dalilin da ya sa takarda ta zama dukiya

A 1970 masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya bayyana abin da ke faruwa a kasuwar da mai sayarwa ya fi mai saye sanin lafiyar haja. Ya yi misali da motocin da aka yi amfani da su. Tun da mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai ɓoyayyen lahani ba, sai ya taya dukkansu da arha, masu kaya na gari kuma su janye daga kasuwa. Duk wanda ya je kasuwar shanu ta Ngurore ko ta Mubi ya san maganin da aka samo wa wannan matsala tun zamanin kakanni, wato dillali amintacce wanda ya san asalin dabba, kuma ake biyansa la'ada saboda shaidarsa. A cinikin jirgin sama, kundin tarihi shi ne wannan dillali.

Bari mu ɗauki injin CFM56, wanda ke kan yawancin jirage ƙirar Boeing 737 da ke zirga-zirga a Nijeriya. Wasu fayafai da sanduna na cikinsa suna da wa'adin da ba a ƙetarewa, ana lissafa shi da sawu, wato tashi ɗaya da sauka ɗaya. Ga sassan tsakiyar injin, wa'adin yakan kai sawu 20,000. Da ido ba za a iya gane ko faifai ya yi sawu 3,000 ko 19,000 ba, takarda kaɗai ke faɗa. A ƙaddara, don misali kawai, an sayi jerin waɗannan sassa a kan dala miliyan 2. Kowane sawu ya tashi a kan dala 100 ke nan. Idan an ci sawu 8,000, saura 12,000, darajar abin da ya rage dala miliyan 1.2 ce, kuma jirgin da ke yin sawu shida a rana, kimanin 2,000 a shekara, zai yi shekara shida kafin a canza su. To amma idan aka nemi takardun wasu shekaru na rayuwar sassan aka rasa, ba wanda zai iya rantsewa a kan sawun da suka yi. Sai a cire su tun lokacinsu bai yi ba, dala miliyan 1.2 ta salwanta ba tare da ƙarfe ya tsage ba.

Wannan lissafi ya fi tsanani ga kamfanonin cikin gida, domin tafiyar Yola zuwa Abuja kimanin sa'a ɗaya ce. Gajerun tafiye-tafiye suna cin sawu da sauri fiye da dogon zango.

Daɗin daɗawa, kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne. Mai ba da haya yana zaune a Dublin ko Singafo, jirginsa yana sauka a Yola. Ranar da wa'adin haya ya cika, sai an bi kundin shafi-shafi kafin ya karɓi kayansa, kuma kowace rana ta jinkiri kamfanin da ya yi hayar ne ke biya. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Cape Town ta 2001, wadda ke kare haƙƙin masu ba da hayar jirage. A watan Satumba na 2024 aka sa hannu a kan ƙa'idojin da Babbar Kotun Tarayya za ta riƙa bi wajen shari'o'in da suka shafe ta, abin da ya ɗaga makin ƙasar daga 49 zuwa 70.5 a ma'aunin masu ba da haya. Amma kotu tana iya mayar wa mutum jirginsa, ba za ta iya mayar masa da shafin da gara ta cinye ba. Ingancin ajiyar bayanai yana cikin abubuwan da ke sa kuɗin haya da na inshora su hau ko su sauka, daga ƙarshe kuma fasinja ne ke biya a farashin tikiti.

Ƙarfin takarda da rauninta

Takarda ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar intanet, ba a biyan kuɗin wata-wata a kanta. Sufeto yana iya buɗe ta a gindin jirgi ya karanta. Idan an kankare rubutu ko an yage shafi, alama takan nuna, shi ya sa ICAO ta ba da shawarar a riƙa rubutu da tawada ko fensirin da ba ya gogewa, kuma al'adar aikin ita ce a ja layi ɗaya a kan kuskure a sa hannu a gefe. Littafin da aka rubuta shekaru hamsin da suka wuce ana karanta shi yau ba tare da wata na'ura ba.

Rauninta na farko shi ne guda ɗaya ce. Gobara, ko ruwa, ko gara, ko ɓarawon jaka suna iya shafe aikin shekara goma a dare ɗaya. Mazauna Yola da Jimeta ba sa bukatar a ba su labarin ambaliyar kogin Binuwai ta 2012 da ta 2022, da abin da ta yi wa takardun gidaje da na shaguna. Na biyu, rubutun hannu yakan rikita mai karatu, kuskuren tarawa kuma yana bin shafuka har sai an gano shi bayan watanni. Na uku, takarda tana tafiya da ƙafa. Lahanin da aka rubuta a Yola da rana, mai tsara gyara a Legas ba zai ga kwafinsa ba sai an aika masa ko jirgin ya koma, alhali da ya sani da wuri da ya tanadi sashen da za a canza kafin jirgin ya iso. Na huɗu, idan littafin yana cikin jirgin da ya yi haɗari, yana iya ƙonewa tare da shi, dalilin da ya sa ake cire kwafin shafi a bari a ƙasa kafin kowane tashi. Lokacin da jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun ranar 22 ga Oktoba, 2005, mutane 117 suka rasu, ba a samu akwatunan naɗar bayanai ba, sai masu bincike suka koma ga bayanan gyara da na ma'aikata da suka rage a ƙasa.

Ƙarfin kwamfuta da rauninta

Kwamfuta tana tara sa'o'i da sawu da kanta, tana gargaɗi idan wa'adin gyara ko na lasin matuƙi ko na takardar likita ya matso. Tana lissafa iyakar aikin matuƙi don gudun gajiya, misali dokar Tarayyar Turai da ta hana wuce sa'o'in tashi 100 a cikin kwanaki 28. Ana ajiye kwafi a wurare da dama, kuma kyakkyawan tsari yana riƙe sunan duk wanda ya taɓa bayani da lokacin da ya taɓa shi. Idan lahani ɗaya yana maimaita kansa a jirgi guda, sai ya fito fili nan take, ba sai an bi shafuka ɗari ba. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta fitar da jagora a kan sa hannu da ajiyar bayanai ta na'ura tun 2002, ICAO kuma ta buɗe ƙofar lasin ma'aikata na na'ura daga 2022. A gida, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan kwamfuta, gyaran da aka yi wa dokar a 2023 kuma ya ƙara fayyace matsayin sa hannu na na'ura.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Da farko akwai kuɗi. Manhajojin nan galibi na waje ne, da dala ake biya duk shekara, alhali kamfanin da naira yake sayar da tikiti. Daga tsakiyar 2023, lokacin da aka saki farashin canji, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a cikin 2024, wato kuɗin manhaja ya ninka fiye da sau uku ba tare da mai ita ya ƙara ko sisi ba. Ga kuɗin mayar da tsofaffin kwalaye cikin na'ura, da horar da ma'aikata, da watannin da za a tafiyar da hanyoyin biyu tare kafin hukuma ta amince a ajiye takarda.

Na biyu akwai wuta da sadarwa. A 2024 ɓarnar da aka yi wa turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe ta jefa jihohin Arewa maso Gabas, har da Adamawa, cikin duhu na tsawon makonni. Zafin Yola a watannin Maris da Afrilu yakan haura maki 40, kuma kwamfutar hannu da aka bari a rana a kan kwalta takan kashe kanta. Ko ƙasashen da suka ci gaba ba su tsira ba. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kuskure a manhajar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci a faɗin duniya, kamfanin Delta na Amurka ya soke kimanin tafiye-tafiye 7,000, a wasu filaye kuma aka koma rubuta takardar shiga jirgi da hannu.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, kwamfuta ba ta maganin ƙarya ko sakaci. A 2023 hukumomin Turai suka gano cewa wani kamfanin dillancin kayan gyara na Landan, AOG Technics, ya sayar da sassan injin CFM56 da takardun shaida na jabu, har kamfanoni suka riƙa cire jirage daga aiki don bincike. Takardar jabu idan an ɗauki hotonta an sa a na'ura, jabu ce har gobe. Haka kuma ranar 5 ga Janairu, 2024, wani murfin ƙofa ya fice daga jirgin Alaska Airlines ƙirar Boeing 737 MAX 9 yana sama. Bincike ya nuna an buɗe murfin a masana'anta, ba a mayar da notuna huɗu da ke riƙe shi ba, kuma ba a rubuta aikin buɗewar ba, saboda haka babu wanda aka tura ya duba. Wannan ya faru ne a kamfanin da ke da tsarin kwamfuta na zamani. Abin da ba a shigar ba, na'ura ba ta san da shi ba.

Yadda ya kamata a auna

Amsar ta danganta da girman mai jirgi. Babban kamfani mai jirage goma ko fiye, da ke sauka a filaye da yawa a rana, yana da ribar komawa kwamfuta, domin ana raba kuɗin tsarin a kan dubban sawu, kuma jirgi ɗaya da aka hana kwana a ƙasa yana iya biyan kuɗin manhaja na watanni. Gwamnatin jiha ko ɗan kasuwa mai jirgi ɗaya ba lallai ne ya sayi babban tsari ba. Abin da ya fi masa shi ne ya riƙe takardarsa da kyau, ya ɗauki hoton kowane shafi a kan kari ya ajiye a wuri biyu, ya kuma damƙa kula da kundin ga kamfanin gyara mai lasin hukuma, tare da naɗa jami'in da ke da ikon cewa a'a ga kowane matuƙi komai girman muƙaminsa.

Ga matashin da ke koyon tuƙi a Zariya, wanda iyayensa ko gwamnatin jiharsa suka kashe maƙudan kuɗi a kansa, shawara ita ce ya riƙe duka biyun. Littafin takarda mai sa hannun malamai da hatimin makaranta shi ne asali, na kwamfuta kuma mataimaki ne wajen lissafi da neman aiki. Kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya riƙa fitar da kwafin bayanansa daga manhaja lokaci-lokaci, domin kamfanin manhaja yana iya rufewa ko ya ƙara kuɗi.

Duk wanda zai ba da bashi, ko inshora, ko kwangilar jigila, kamar ta alhazan Adamawa da Taraba da ke tashi daga Yola, yana da kyau ya yi tambayoyi biyar kafin ya sa hannu. Shin hukumar NCAA ta amince da tsarin ajiyar? Shin yana aiki idan babu intanet, ya aika bayanan daga baya? Kwafi nawa ake da su, kuma a ina suke? Idan an raba gari da mai manhaja, wa ke da bayanan, kuma a wace siga za a karɓe su? Sannan, shin kowane ma'aikaci yana da lambar sirrinsa shi kaɗai, ko kuwa ana aron ta kamar yadda ake aron biro? Lambar sirri da mutum uku suka sani ba sa hannu ba ce.

Kammalawa

Alƙiblar da sufurin sama ya dosa a bayyane take, kwamfuta za ta ci gaba da karɓe aikin alƙalami, kuma masu ba da haya da masu inshora za su ƙara matsa wa kamfanonin Nijeriya lamba a kan haka. Amma a filin jirgi irin na Yola, hikima ita ce a shiga da shiri: wuta ta ko-ta-kwana, na'ura mai aiki ba tare da sadarwa ba, da littafin takarda a ajiye don ranar da allo ya ɗauke. Haɗarin 2012 ya nuna cewa rubutu ba ya amfani sai an karanta shi kafin tashi, na Alaska kuma ya nuna cewa na'ura ba ta amfani sai an faɗa mata gaskiya. Saboda haka kuɗin da za a fara kashewa ba na manhaja ba ne, na horar da mutanen da ke rubutu ne, da ba sufetoci ƙarfi da kayan aiki don su riƙa dubawa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.